Dukiya da Ciyarwa Bayan Mutuwar Aure: Abin da Ke Isa Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna

Idan aure ya mutu a Malali, ko a maƙwabtanta irin su Badarawa da Unguwar Rimi, sakin kansa ba ya yawan zama abin jayayya a kotunan sama. Miji ya furta ko ya rubuta, ko alƙali ya raba, magana ta ƙare. Abin da ke hawa matakan kotu shi ne kuɗi da kadara: ciyarwar idda, ɗawainiyar yara, kayan da ke cikin ɗaki, sai kuma gidan da aka yi shekaru ana ginawa. Malali unguwa ce ta ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan fansho, daga rukunin gidajen Lokos har zuwa kewayen Kwalejin Gwamnatin Tarayya, kuma a gidaje da yawa albashi biyu ne ke shiga. Shi ya sa tambayar wane ne ya mallaki me take da kaifi a irin wannan unguwa fiye da inda miji kaɗai ke nema. Matsayar wannan maƙala ita ce haƙƙin da mace da 'ya'yanta ke rasawa a ɗaukaka ƙara ba fiƙihu ne ya hana su shi ba. Yana salwanta ne ta hanyar yadda aka shigar da da'awa tun farko, da yadda ake karanta al'ada, da rabewar hurumin kotuna, da daɗewar shari'a.

Kotun da za a je ta danganta da irin auren da aka ɗaura. A watan Nuwamba na 2001, bayan rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan Shari'a da kotunan al'ada. Auren Musulunci yana farawa a kotun Shari'a, irin ta Magajin Gari ko ta Rigasa, ya wuce Babbar Kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Wannan kotu tana da tarihi a Kaduna, domin a nan aka kafa ta Jihar Arewa a 1960, kuma a 1962 Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi kan aure da rabuwarsa, da riƙon yara da ciyar da su, da waƙafi, kyauta, wasiyya da gado, kuma sashe na 278 ya ce kadi uku aƙalla ne za su zauna. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke da reshe a Kaduna, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Auren rajista kuwa, wanda galibi Kiristocin unguwar ke yi, Babbar Kotun jiha ce ke raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, auren gargajiya kuma yana da tasa kotun ɗaukaka ƙarar.

Kotun sama ba ta ga hawayen kowa ba, takarda take karantawa. Abin da magatakardan kotun farko ya rubuta shi ne shari'ar, abin da bai rubuta ba kamar ba a faɗa ba. Gaskiya ne a tsarin Musulunci ba a ɗaure kadi da dalilan da mai ɗaukaka ƙara ya jera kaɗai ba, yana da ikon duba shari'ar gaba ɗayanta. Amma bai iya ƙirƙiro da'awar da ba a yi ba. Matar da ta shiga kotu tana cewa "ni dai ya ba ni takardata", ba ta ambaci bashin da take bin mijin ba, ba ta ambaci kuɗin makarantar yara ba, ta riga ta taƙaita abin da kadi uku za su iya yi mata bayan shekara biyu. Haka nan idan alƙalin farko ya manta da i'izari, wato bai tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ba, kotun sama kan rushe hukuncin ta ce a sake shari'a, a koma inda aka faro.

Haƙƙin matar ita kanta a mazhabar Malikiyya gajere ne, kuma a bayyane yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalan Arewa ke dogaro da su. Wadda aka yi wa sakin da ake iya kome tana da ci da tufafi da wurin zama har ta gama idda, wato tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini. Wadda igiyarta ta yanke, ta saki uku ko ta hul'i (wato ta fanshi kanta), wurin zama kaɗai take da shi, sai fa in tana da ciki, a nan ciyarwa tana kan miji har ta haihu. A aikace mace kan bar gidan ranar da aka ba ta takarda, ko don an kore ta ko don zuciya, ta koma gidan iyayenta, haƙƙin zaman ya tafi a banza. Kafin ƙara ta kai kotun sama iddar ta daɗe da ƙarewa, abin da ya rage sai lissafin kuɗin wata uku. Akwai dai wani haƙƙi da ake yawan mantawa da shi: ciyarwar da miji mai hali ya ƙi yi a lokacin da auren ke raye bashi ce a kansa, daɗewa ba ta kayar da ita, sai in ya tabbatar da cewa a lokacin ba shi da shi.

Mutu'a, wato kyautar sallama da ayoyi na 236 da 241 na Suratul Baƙara suka ambata, ita ce ya kamata ta cike wannan giɓi. Mashhurin Malikiyya shi ne mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta. Shafi'iyya sun wajabta ta, kuma Alƙurɗubi, wanda shi kansa Bamalike ne, ya rinjayar da wajabcin a tafsirinsa. Maroko, ƙasar da ba wanda zai zarge ta da barin mazhabar Malik, ta shigar da ita doka: kundin iyali na 2004 ya sa alƙali ya ƙiyasta mutu'a bisa tsawon auren, da halin miji, da dalilin sakin, kuma sai miji ya ajiye kuɗin a kotu cikin kwana 30 kafin a ba shi izinin rubuta saki. Masar tun 1985 ta sa mafi ƙarancinta ciyarwar shekara biyu ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. A Kaduna ba doka irin wannan, don haka macen da ta yi shekara 25 a gidan miji da wadda ta yi wata biyar hukuncinsu ɗaya. Wajabta mutu'a gyara ne da ya fi dacewa da majalisar dokokin jiha bisa shawarar malamai, domin da wuya kadi ya bar mashhurin mazhaba shi kaɗai ba tare da kotun da ke samansa ta juya hukuncin ba.

Hul'i na buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan mata da yawa ke sayar da haƙƙin da ba su san suna da shi ba. Mace ta je tana kukan duka ko rashin abinci, sai a ga hanya mafi sauƙi ita ce ta mayar da sadaki ta fanshi kanta, wani lokaci har miji ya haɗa da lissafin lefe da kuɗin biki. Malikiyya sun ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa ba tare da mace ta biya ko sisi ba, kuma sun ce idan ta yi hul'i sannan ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tura ta, sakin ya tabbata, kuɗinta kuma ya dawo. Ko shaidar ji daga bakin maƙwabta ana karɓa a wannan babi. Dalili ne mai ƙarfi na ɗaukaka ƙara, amma sai idan kukan cutarwar ya shiga rubutun kotun farko.

Game da yara, abu biyu ne ake cakuɗawa: riƙo da ciyarwa. Riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan sauran mata na dangin uwa, kafin a zo kan uba. Ciyarwa kuwa tana kan uba ko a hannun wa yaran suke. Maganar nan da ake ji a ƙofar kotu, "in tana son kuɗi ta kawo mini 'ya'yana", ba ta da gindi a mazhaba. Uwar da igiyarta ta yanke tana da ladan shayarwa, uban kuma yana biyan kason yara na wurin kwana gwargwadon ganin alƙali, ko da yake ita mai riƙon ba ta da lada a kan riƙon kansa.

Inda ake samun tangarɗa shi ne ƙiyasi. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan halin mai ciyarwa, fuƙaha'u kuma suka ƙara da al'adar gari da farashin kasuwa. Halil ya bar wa alƙali ya yanka ta kullum, ko ta mako, ko ta wata, ko ta shekara, bisa yadda samun mutum ke zuwa. Asalin ƙiyasin da abinci ne da tufafi, kuɗi madadinsu ne. Kotuna a yau sun saba yanka dunƙulallen adadi na naira, kuma naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ɗauka an yanke wa uba naira 20,000 a wata don yara uku a farkon 2023, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, a watan Yuli kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Idan uban ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da hukuncin a 2025, a takarda uwar ce ta yi nasara, a kasuwar Kawo kuwa kuɗin ba su kai rabin abin da suke saye a da ba. Hukuncin da ya ce mudu kaza na shinkafa da masara, da kuɗin makaranta da na asibiti a biya kai tsaye, ko ya ce kaso kaza na albashi, ya fi kusa da abin da littattafan suka nufa, kuma ba ya tsufa da wuri.

Akwai wata ƙa'ida da ke cutar da mai haƙuri. Ciyarwar 'ya'ya, saɓanin ta mata, tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Bazawarar da ta yi shekara huɗu tana ɗaukar nauyin yara da albashinta, tana jin nauyin kai uban 'ya'yanta kotu, za ta iya tarar da cewa an ɗauki abin da ta kashe a matsayin sadaka. Kunyar da al'ada ke yaba mata ita ce ke cinye mata haƙƙi.

Batun dukiya ya fi kowanne nauyi. Musulunci bai san gamayyar dukiya saboda aure kawai ba. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, sadakinta da gadonta da albashinta da ribar sana'arta. Wannan kariya ce babba ga mace, kuma ta riga dokokin Ingila da ƙarnuka, inda sai a 1882 matar aure ta samu cikakken ikon mallakar dukiyarta. Sai dai kariyar tana aiki ne idan dukiyar ta zauna a rarrabe, zaman aure kuwa cakuɗa ta yake yi.

A kan kayan gida, idan ba shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bai wa matar da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne, ko wanda kowa ke iya mallaka, a bai wa mijin da rantsuwarsa, domin gidan nasa ne. Ƙa'idar gaba ɗayanta a kan al'ada take tsaye, al'adar Hausa kuwa sananniya ce: iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, su yi jere, daga gado da katifa da kujeru har labule da kayan kicin, a yau ma har da firji da talabijin da injin wanki. Alƙalin da ya ɗauki firji a matsayin abin da kowa ke iya mallaka, ya miƙa wa miji da rantsuwa, ya yi aiki da al'adar wani gari da wani zamani. Kotun ɗaukaka ƙara na da cikakken hurumin gyara wannan, domin fuƙaha'u da kansu, irin su Alƙarafi, sun yi gargaɗi cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya.

Gida ya fi wuya. A ɗauki malamar makaranta da ta kwashi adashi sau uku aka sayi bulo da kwanon rufi, ta sayar da sarƙar gwal ɗinta aka yi filasta, shekara goma kuma albashinta ne ke cefane yayin da na maigida ke tafiya a siminti. Takardar fili, da shaidar mallakar da hukumar filaye ta jiha, KADGIS, ta bayar, da sunan mijin suke. Ba wanda ya rubuta komai, domin matar da ta nemi mijinta ya sa hannu a takardar bashi ta jawo wa kanta zargin rashin yarda. Ranar da aka rabu, shi zai ce taimako ta yi, ita za ta ce rance ne ko tarayya. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, saboda haka mijin ya rantse ya tafi da gida.

Mazhabar ba ta bar ta hannu rabbana ba. Idan ta tabbatar da rance, bashi ne. Idan ta tabbatar da tarayya, tana da kaso gwargwadon abin da ta zuba. Ko da an ce kyauta ta yi, Malikiyya sun ce matar da ta ba mijinta dukiya don zaman ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana da ikon karɓar abinta. Idan kuma shi ne ya ce ya ba ta gidan, kyauta tana lizimtar mai bayarwa da furuci, kuma miji ba ya cikin waɗanda aka yarje wa janye kyauta, wannan na iyaye ne a kan 'ya'yansu. Sai dai a gidan da suke zaune tare ba a ɗaukar cewa ta karɓa muddin yana ciki, don haka in ya mutu ko bashi ya cinye shi kafin ya fita, kyautar ta ɓaci. Shaidar zamani ma ta sauƙaƙa abin da a da yake da wuya: bayanan asusun banki, saƙon tura kuɗi a waya, littafin uwar adashi, rasiɗin mai sayar da kwano.

Abin da ya rage ba shi da suna a kotunan Kaduna shi ne wahalar da ba ta da rasiɗi. A arewacin Maroko, malamin Malikiyya Ahmad Ibn Ardun, wanda ya rasu a 1584, ya ba da fatawa cewa matan karkara da ke noma da girbi tare da mazajensu suna da kaso a abin da aka tara. Malaman Fas da dama sun yi masa raddi, amma aiki da fatawar ya ci gaba a wasu yankuna, kuma sashe na 49 na kundin iyalin Maroko na 2004 ya umarci alƙali ya duba aikin kowane ɗaya daga ma'auratan wajen haɓaka dukiyar iyali idan ba su yi yarjejeniya a rubuce ba. A 2022 Shaihin Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, ya yi kira da a raya wannan fatawa. Kotunan Shari'a na Malesiya, ƙasar Shafi'iyya, sun daɗe suna raba dukiyar da aka tara tare bisa al'adar Malayu. Ba rabin dukiyar miji ake nufi ba, kamar yadda masu adawa ke tsoro. Ana nufin kada a ci gumin mace ne, wanda asalinsa haramcin cin dukiyar wani da ɓarna. A gidan da ke da mata biyu ko uku ma wannan ya fi adalci, domin kowace abin da ta zuba za a bi, ba matsayinta na uwargida ko amarya ba.

Masu auren rajista ba su tsira daga wannan matsala ba. Sashe na 70 na dokar 1970 ya ba Babbar Kotu ikon yanka ciyarwa ga mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba, sashe na 72 kuma ya ba ta ikon daidaita kadara yadda ta ga adalci. Duk da faɗin wannan iko, kotuna sun daɗe suna neman shaidar gudummawa ta zahiri. A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, wadda ta shafi auren gargajiya, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da da'awar matar da mijinta ya sayar da gidan da ta ce tare suka gina, saboda ba ta nuna iyakar abin da ta zuba ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2004, wadda sashenta na 7 ya yi maganar raba dukiyar haɗin gwiwa bisa adalci, amma sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Ko matar ta tanadi hujjarta, akwai tarkon hurumi. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumi a kan jayayyar mallakar ƙasa zalla, wadda ba ta shiga jerin sashe na 277 ba. Ma'anar wannan ga ma'auratan da suka rabu ita ce in da'awar kyauta ce, kadi ne zai ji ta, in kuwa rance ce ko tarayya a gini, akwai yiwuwar a ce hanyarta Babbar Kotun jiha ce. Rikici ɗaya, tsakanin mutum biyu, a kan gida ɗaya, sai ya rabu kotu biyu da lauya biyu da kuɗin shigar da ƙara biyu. Batun hurumi kuma ana iya tayar da shi a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, kuma in ya tabbata duk abin da aka yi a baya ya rushe. Wanda gidan ke hannunsa ba ya asarar komai da wannan jinkiri, yana ciki yana zaune.

Saboda haka bai kamata ɗaukaka ƙara ta dakatar da biyan ciyarwar yara ba. Ana iya jingine hukuncin gida har a gama, tare da hana sayar da shi, amma abincin yaro na yau ne. Aiwatarwa ta fi sauƙi a kan ma'aikaci, domin ana iya umartar a cire daga albashinsa, kuma takardar albashin ta yanke gardamar nawa yake samu. Ɗan kasuwar da ke da shaguna a Kasuwar Shaihu Gumi, wanda ya shigo kotu da tsohuwar riga yana cewa kasuwa ta mutu, sai an bi ta shaidu da yanayin rayuwarsa: motar da yake hawa, makarantar da 'ya'yan ɗaya ɗakin ke zuwa, sabon auren da ya yi. Ga wanda ya gudu ko ya tsiyace da gaske, Tunisiya ta kafa asusu a 1993, Masar kuma a 2004 a ƙarƙashin Bankin Nasir, waɗanda ke biyan uwa abin da kotu ta yanka sannan su bi uban bashi. Jihar Kaduna ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2018, amma uwar da ke riƙe da hukuncin kotu a Malali har yanzu ita ce ke biyan kuɗin mota da na sammaci duk watan da uban ya ƙi biya.